Hoton Misali

Gidan Malam Sabo na Unguwar Ɗinya, kusa da Zakirai, gida ne na mutum huɗu idan an haɗa da wanda ke birni. Akwai shi Malam Sabon, manomi. Akwai matarsa Furera, mai suyar awara a ƙofar gida. Sai 'ya'yansu biyu, Shafi'i babba da Murja auta, da tazara mai yawa a tsakaninsu. Tarbiyya suna da ita, mutunci ma haka. Abin da suka rasa shi ne abin da kusan dukanmu muka rasa a wannan yanki: ƙasa. Gonar da kakansu ya bari an yi ta rabon gado a kanta har ta koma ɗan fegi, wanda idan ka yi atishawa a kunyar farko, maƙwabcin da ke bayan kunyar ƙarshe ne zai yi maka addu'a. Ita ma ƙasar ta gaji, ba ta ba da komai sai ta ga taki.

Takin kuwa Shafi'i ne ke kawo shi. Yana zaune a Bacirawa, yana aiki da wata kafar labarai ta intanet a cikin Kano. Ba shi ke rubuta labarin ba, shi ne mai yi wa labari riga. Shi zai zaɓi hoto, ya gyara launinsa a kwamfuta, ya ɗora kan labari da manyan baƙaƙe, idan maganar farashi ce ya zana jadawali. Ni Malam Kamilu ni na koyar da shi a firamare, kuma na daɗe ina gaya wa mutane haka ko ba su tambaya ba. Shi ne ke zana mini taswirar Najeriya a allo, saboda tawa kullum fitowa take kamar ƙosan da ya fashe a cikin mai.

A shekarar da nake ba da labari, Murja tana ajina, aji shida. Ita ke riƙe da makullin ajin, don ta fi ni zuwa da wuri.

Hoton farko bai yi wa kowa ciwo ba. Farkon damina ne, Shafi'i ya ɗauke ta a gona tana dariya a tsakiyar gero, ya ɗora a kan labarin tsadar taki. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu a wurin mai shayi, kowa na cewa ga 'yar garinmu a jarida. Ni ma na karɓa na duba, na ce Allah Ya yi albarka, na ƙara tuna wa jama'a wanda ya koya wa mai hoton riƙe fensir.

Wata safiya sai ga Shafi'i a bakin aji. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, abin da yaran birni suka fara mantawa.

"Malam, aron Murja zan yi na ɗan lokaci. Aikin jarida ne."

Na ba shi. Har na juya na ce wa 'yan aji su duba abin da ilimi ke yi wa mutum. Ba ta dawo ba sai bayan an dawo daga hutun tara, ƙafafunta fututu, hijabin makarantar a dunƙule a hannu. Na tambaye ta ya aikin jarida, ta ce lafiya lau, ta zauna.

Bayan kwana biyu hoton ya fito. Ga Murja ba takalmi, da tsohon zanen Innarta, da farantin gyaɗa a kai, tana leƙen tagar aji daga waje. Tagar ajina ce ma, na gane ta da karyayyen katakon da na shekara ina cewa za a gyara. A sama an rubuta: YARA MATA DA BA SA ZUWA MAKARANTA. Can ƙasa, a kusurwa, akwai wani ɗan rubutu da sai da na aika aka ɗauko mini tabarau kafin na iya karanta shi. Kalma biyu ce: hoton misali.

Na tara yaran na yi musu bayani a tsanake. Na ce idan 'yan jarida ba su da hoton ainihin mutanen da ake magana a kansu, sukan sa wani ya tsaya a madadinsu, kamar yadda nake zana lemo a allo idan ana lissafi, alhali ba wanda zai sha shi. Na ce Murja misali ce kawai. Na ji daɗin bayanin nan ƙwarai, har na maimaita shi.

Washegari muna darasin Hausa na ce, "To, wa zai ba ni misali?"

Hannu arba'in suka nuna ta a tare. Aji ya fashe da dariya. Wani Naziru, wanda bai taɓa amsa tambaya daidai ba tun da na san shi, ya miƙe ya ce, "Malam, ga ta nan a zaune!"

Daga ranar sunan ya kama. Misali, zo ki ɗebo ruwa. Misali, ina gyaɗar? Ni kuwa malami ne, kalmar nan ba ta barin bakina. Na yi ƙoƙarin musanya ta da "kwatanci," sai yaran suka gane dalili, dariyar ta ƙaru. Murja ta riƙa yin murmushi tare da su, irin murmushin da yaro ke yi idan an taka masa ƙafa a gaban baƙi.

Shafi'i yana zuwa gida kusan kowace Asabar, kuma duk zuwan da hoton da zai biyo baya. Na gaba na labarin yunwa ne. Murja ba mai ƙiba ba ce, amma ba ta taɓa kwana da yunwa ba. A hoton kuwa ya rage hasken, ya ƙara wa ƙashin wuyanta inuwa, ya zaunar da ita gaban kwanon da ba komai a ciki. Gwani ne, wannan ba a musu. Ni da nake ganinta kullum sai da na ji zuciyata ta karye. Mata suka fara shiga gidan da kwanon tuwo a lulluɓe, wasu don tausayi, wasu don su ga ko da gaske ne. Furera ta karɓa ta yi godiya, ta koma ɗaki ba ta fito suya ba ranar.

Da damina ta yi nisa aka fara jin labarin amai da gudawa a wasu garuruwa, hankalin kowa ya tashi. Sai ga Murja a waya, kwance a tabarma, ido a rufe, kofi a gefenta. Ranar da hoton ya fito tana cikin aji tana share allo, amma wannan bai hana komai ba. Iyaye suka gargaɗi 'ya'yansu. Idan ta sha ruwa a randar makaranta, ba mai ƙara taɓa moɗar sai an wanke ta da toka. Masu sayen awara suka koma wajen wata. A ajin da yara biyar ke matsuwa a benci ɗaya, Murja ta samu benci guda ita kaɗai. Ƙawarta Aina'u ma ta matsa, tana cewa, "Ba ni ba ce, Innarmu ce ta ce."

A nan na ga ya kamata in je gidan su Murja. Na shirya maganata kamar yadda nake shirya darasi, da gabatarwa, da na farko, da na biyu, da na uku, har da kammalawa. Ranar Asabar bayan la'asar na yi sallama. Na tarar da Malam Sabo a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, Shafi'i kuma a gefe, kwamfuta a cinya. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Furar ta yi daɗi, kuma ina jin a nan gabatarwar ta narke.

Shafi'i ya juyo mini da kwamfutar. "Malam, duba wannan. Farashin gero ne daga kaka zuwa yau."

Ya zana buhuna an jera su kamar matakala, kowane wata buhun ya fi na baya tsawo, ga wani ɗan mutum a ƙasa yana miƙa hannu bai kai ba. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane abin da ake nufi. Na yaba, da gaskiya kuma na yaba. Sannan na gyara murya.

"Malam Sabo, a kan yarinyar nan na zo. Hotunan nan suna cutar da ita."

Bai ɗago daga fartanyar ba. "Malam, hoto ne fa. An cire mata hannu? An rage mata ƙafa? Da safe ta ci, da rana ta ci."

"Yara sun daina zama kusa da ita."

"Yara ai yara ne. Gobe za su manta." Ya nuna ƙofa da haɓa, wajen da gonar take. "Geron can da ka wuce ya yi kai, me kake jin ya ci? Ni dai ka san ba ni da abin sayen taki. Yaron nan ne. Yayanta ne, ba bare ba. In ba ta taimake shi ba, 'yar wa za ta taimake shi?"

Na juya wajen Shafi'i. Ya rufe kwamfutar a hankali, cikin ladabi, kamar zai amsa tambayar jarrabawa.

"Malam, ka san da me mutane ke karanta labarai yanzu? Da babban yatsa. Haka suke turawa sama, fiu, fiu. Kafin ƙiftawar ido in hoto bai kama mutum ba, labarin ya mutu, ko da a ce na ceton rai ne. Edita ya hana mu ɗauko hotunan mutane a intanet, ya ce kotu za a kai mu. Ɗan wani kuwa sai ka nemi iyayensa, a yi ta ja-in-ja, wani ma ya ce sai ka saya masa babur. Ita kuma Murja, Malam, Allah Ya ba ta ido. Idonta na tsayar da yatsa."

"To izini fa?"

"Ga Baba nan ai."

"Nata nake nufi."

Suka dubi juna. Malam Sabo ya yi dariya har ya ajiye fartanya. "Izinin Murja? A gidan nan? Kai Malam, boko dai bai bar ka haka ba."

"Kuma ba ƙarya na yi ba," in ji Shafi'i. "Yaran da ba sa zuwa makaranta akwai su. Masu yunwa akwai su. Labarin amai da gudawan nan, saboda yadda ya yaɗu aka kai magani wani gari. Kowane hoto na rubuta a ƙasansa, hoton misali."

"Wa ke karanta wannan ɗan rubutun a Unguwar Ɗinya?"

Ya sunkuyar da kai, muryarsa a ƙasa. "To Malam, wannan kuma ai aikinku ne. Ku koya musu karatu."

Na nemi na biyu da na uku a kaina na rasa. Na ƙara kurɓar fura. Can dabara ta faɗo mini, na ji kamar an kunna fitila.

"Aƙalla ka rufe mata fuska. Ina ganin ana yi, a sa wani baƙin layi a kan ido, ba mai gane mutum."

Shafi'i ya tafa hannu. "Wallahi Malam har gobe kai ne malaminmu. An gama. Daga yau ba mai ƙara ganin idonta." Ya zaro waya. "Ɗan tsaya haka, Malam, hasken nan ya yi maka kyau. Don tarihi."

Na gyara hula. Na ma cire tabarau na mayar, ina tambayarsa wanne ya fi. Na koma gida ina jin na ceci yarinya, na ba matata labari da ƙari.

Ba a yi mako ba sai ga ni a waya, da hulata da alli a aljihu, ina murmushin gamsuwa. A samana an rubuta: MALAMAN DA SUKA FAƊI JARRABAWAR GWAJI. Hedimasta ya yi dariya har ya ƙware. Matata ta ce da ma ta daɗe tana zargi. Na ɗan koma sallah a sahun baya, na daina bi ta wajen mai shayi. Amma ni ina da gemu da furfura, kuma na koyar da rabin masu dariyar, sai abin ya gundure su da wuri. Na kira Shafi'i a waya, ya ce, "Haba Malam, ai na rubuta a ƙasa."

Alkawarin da ya yi mini kuwa ya cika shi. Hoton Murja na gaba ya fito da baƙin layi a kan idonta. An ɗauke ta a gaban wata rumfa, hannunta ɗaya a ɓoye cikin hijabi. Kan labarin: YARAN DA AKE KAMAWA DA SATA A KASUWANNI.

A Kano wataƙila ba wanda zai san ko wace ce. A Unguwar Ɗinya kuwa ba da ido ake gane mutum ba. Kowa ya san hijabin, kowa ya san tabon ƙunar man awara da ke wuyan hannunta, kowa ya san tsayuwarta. Na shiga shagon Khamisu sayen sabulu, ya tare ni da wayar.

"Malam, kai mai ilimi ne, warware mini. Duk na baya fuskarta a buɗe take, muka ce to, misali ne. Wannan me ya sa aka rufe?"

"Don a kare ta ne."

"A kare ta daga me, in ba ta yi komai ba? Ni dai tun da nake kallon labarai, mai laifi ake rufe wa ido." Ya rage murya. "Ba zargi nake ba. Amma kwanaki na nemi wani ƙullin sukari na rasa."

Na buɗe baki in ce ni na ba da shawarar layin, sai na ga in na faɗa, gobe ni ne zan zama labari a shagon. Na yi masa bayanin lemon da ake zanawa a allo. Ya saurara da kyau, ya ce Allah Ya ƙara basira, ya matsar da kwalbar alawa daga bakin kanta.

Daga nan idan an aiki Murja shago, a waje ake tsayar da ita, a miƙo mata kaya ta taga. Wata rana a aji biron Aina'u ya ɓata. Ba wanda ya ambaci suna, amma duk kawuna suka juya wuri ɗaya. Kafin in ce komai Murja ta miƙe, ta zazzage jakarta a kan benci, ta kakkaɓe hijabinta, ta buɗe tafukan hannunta ta tsaya. Aka ga biron a tsakiyar littafin Aina'u. Na yi wa'azi mai tsawo a kan mummunan zato, da aya da hadisi, yara suka ce sun ji. Da aka tashi, Murja ta zo ta ajiye makullin aji a kan teburina.

"Me ya faru?"

"Malam, a ba wani. In wani abu ya ɓata, kar a ce ni ce."

Ta daina ɗaga hannu. Idan na kira ta takan ba da amsa daidai, amma da muryar da sai na matso. Lokacin tara tana zama a bencinta. Aikin gida ba ta fasa ba, kuma abu ɗaya na lura yana sa ta ɗago kai: idan ana maganar jarrabawar shiga sakandare. Akwai makarantar kwana ta 'yan mata da take tambayata a kanta, ko tana da nisa, ko 'yan can suna riƙe waya.

Na sake komawa gidan Malam Sabo wata Asabar da yamma. A wannan karon ban shirya komai ba, na ga shirin bai amfane ni ba. Ruwan da aka yi a makon ya kayar da wani gefe na katangarsu. Furera na bakin kasko tana juya awarar da ba mai jira. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ba ta dube ni ba. "Malam, ina gani. Ni na haife ta. Amma in na yi magana a ce na fi son ƙaramar. Shi ma yaron wahala yake sha. An ce masa in hotunansa ba sa jan mutane, akwai yara a layi masu jiran kujerarsa. In aka kore shi, ina muka nufa? Ita mace ce, ta yi haƙuri. Zai wuce."

Ta wajen katangar da ta faɗi ina hango su. Shafi'i ya zaunar da Murja a kan ɓaraguzan ƙasa, da ƙullin kaya a cinyarta. Labarin ambaliya ne. Malam Sabo na gefe yana kwaɓa ƙasar gyara.

"Ɗan karkato. Yawwa. To yi kuka," in ji Shafi'i.

Ta matse ido, ta buɗe. "Yaya, ya ƙi zuwa."

"Daure mana, rana na tafiya. Tuna wani abin baƙin ciki."

Ta ƙara ƙoƙari. Ba hawaye. Ya sauke wayar, ya yi tsaki, ya dubi sama. Sai ya ce, kamar abin da ya tuna yanzu:

"Af, Baba bai gaya miki ba? Jarrabawar nan ba za ki zana ba. An gama magana. Daga aji shida sai suyar awara."

Ta juya ta dubi mahaifinta. "Baba?"

Malam Sabo ya ci gaba da kwaɓa ƙasa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai san abin da ake bukata, ya bayar da shirunsa.

Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, don ba shi da sauti. Bakinta a buɗe, kafaɗunta na rawa, hawaye na sauka a kan ƙullin kayan. Shafi'i ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya matsa hagu, ya matsa dama, yana ta dannawa.

"Shi ke nan! Ya yi!" Ya miƙe yana duba wayar, fuskarsa cike da farin ciki. "Wasa nake, ke ma dai. Wa zai hana ki jarrabawa? Ungo alawa." Ya hango ni. "Malam! Wannan ba sai an rufe ido ba, ko? Ka ga layin nan naka bai karɓe ta ba."

Na ce, "Shafi'i, ka ji tsoron Allah." Na faɗa da irin muryata ta kullum, wadda ba ta taɓa firgita ko ɗan aji ɗaya ba. Ƙarar mai a kasko ma ta fi ta ƙarfi. Ya ce, "Insha Allahu, Malam," ya shiga ciki neman inda zai sa caji.

Hoton ya yi farin jini fiye da duk na baya. An ce har editan ya yabe shi a gaban ma'aikata. Masu karatu daga garuruwa masu nisa suka yi ta rubuta addu'o'i a ƙasan hoton, suna tsine wa duk wanda ya jefa yarinyar nan cikin wannan hali. Shafi'i ya karanta wa iyayensa wasu a zaure, suka ce amin.

Ban ce Shafi'i mugu ba ne. Yana son ƙanwarsa, shi ke ɗinka mata kayan sallah. Labaran da yake yi wa riga na gaskiya ne, kuma da yawansu sun kamata a ji. Sai dai kowa a cikin lamarin nan yana da wanda yake tsoro. Shi yana tsoron edita, editan yana tsoron kotu, uban yana tsoron gona ba taki, uwar tana tsoron bakin mutane, ni kuma ga shi an ga abin da nake tsoro a shagon Khamisu. Mutum ɗaya ce ba mai tsoronta, saboda haka a kanta aka sauke komai. 'Yar wani sai an nemi izini, an lallaɓa. Ta gida kuwa tana nan a ajiye kamar tabarma, ko yaushe a ɗauko a shimfiɗa.

Da kaka ta yi aka kawo maganar hoton fasfo na masu zana jarrabawa. Sammani mai hoto ya zo daga Zakirai a kan babur, ya rataya jan ƙyalle a jikin bangon ofis, ya ajiye kujera. Yara suka yi layi suna ture-ture, kowa na gyara hijabi da kwala, ana ta wasan kwaikwayon yadda za a yi fuska. Ni ina gefe ina kiran suna.

"Murja Sabo."

Ta fito a hankali. Da ta isa gaban kujerar sai ta tuɓe takalmanta ta ajiye a gefe. Ba wanda ya ce ta yi. Ta zauna a ƙasa maimakon kan kujera, ta saki kafaɗu, ta karkatar da kai, ta zuba wa ƙasa ido.

Sammani ya sauke kyamara. "Ke 'yan mata, lafiya? Hau kujera mana. Ɗago kai, ba gawa za mu ɗauka ba."

Ba ta kula shi ba. Ni ta duba.

"Malam, yau mece ce ni?"

Ko Naziru bai yi dariya ba. Na matsa na tsuguna a gabanta, gwiwoyina suna ƙara.

"Yau ke ce. Murja Sabo, 'yar aji shida, mai zana jarrabawa."

Ta ci gaba da kallona tana jiran ragowar.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sa takalminki, ki hau kujera. In kin ga dama ma ki yi dariya."

Ta sa takalmin. Ta hau kujerar ta zauna a miƙe, hannu a cinya. Ta gwada murmushi, ya tsaya a rabi kamar ta manta yadda ake ƙarasa shi. Sannan ta tambaya, ba da ƙorafi ba, irin tambayar da ɗalibi mai hankali ke yi idan ya ga kuskure a allo:

"To Malam, in ni ce kawai, wa zai so hoton?"

Na yi shekaru masu yawa ina amsa tambayoyin yara, har da waɗanda ban san amsarsu ba. Wannan ban amsa ba. Sammani ya danna, ya ce na gaba.

Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata, ba a aji ba, ba a gida ba. Murja da kanta ta gane cewa gidansu ya fi bukatar hawayenta a kan ita.